Rigunan kariya na kulob ɗinmu da jirgin Yaya

Takardar labarai ta kulob ɗinmu na masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa ta wannan wata ta fito, kuma maganata tana ciki, a shafi na biyu, tsakanin sanarwar liyafar raba kofuna da tunatarwa ga waɗanda ba su biya kuɗin ajiye jirgi ba. Layi uku ne kacal. Sun ce kwamiti ya gode wa wani mamba bisa shawarar da ya kawo game da tsofaffin rigunan kariya, masu hana mutum nutsewa a ruwa, amma saboda sharuɗɗan inshora ba za a iya bai wa kowa su ba, an riga an lalata su. Mamban nan ni ne, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

Ni mutumin Yauri ne. A bakin Neja na tashi, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fito yake yi, kuma Yayana ne ya gaji jirgin. Na zo Ingila a 2022, aikin kula da tsofaffi a wani gari na yankin Yokshaya. Da farko rayuwata daga ɗaki sai wurin aiki, sai masallaci ran Juma'a idan ban da aiki. Kowa kewar tuwo yake faɗa, ni kewar ruwa ce ta dame ni. Wata abokiyar aikina ta gaya mini akwai kulob na masu tuƙa ƙananan jirage a wata madatsar ruwa da ke bayan gari, kuma a watan Mayu suna buɗe ƙofa kowa ya zo ya gwada kyauta. Haka na shiga.

Jiragen nan ba inji, ba filafili, iska ce kawai ke tura su ta ƙyallen da aka ɗaura a doguwar sanda. Yara suna farawa da wani ɗan mitsitsi mai suna Optimist, wanda Ben Ainslie ma, mai zinare 4 a gasar Olamfik, da shi ya fara. Akwai Mirror mai jan ƙyalle, wanda jaridar Daily Mirror ta yayata tun 1963 don talaka ma ya harhaɗa nasa a gida. Akwai Laser na mutum ɗaya. Ni GP14 nake shiga, mai tsawon ƙafa 14, tare da wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya rasa abokin tuƙi. Shi yake riƙe da matuƙi a baya, ni ina gaba da igiyar ƙaramin ƙyalle, ina jingina jikina waje don kada iska ta kifar da mu.

Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da abin da nake yi a ruwan nan. Igiyoyinsu da dokokinsu sai da aka koya mini, amma karanta fuskar ruwa ba wanda ya koya mini a nan. Idan iska ta taso daga nesa, ruwan yakan yi duhu ya yamutse kafin ta iso, kuma ina ganinta tun kafin dattijon ya lura. Wata rana bayan mun fito ya tambaye ni a wane kulob na koyi haka. Na ce masa a jirgin babana. A bazarar da ta wuce sunanmu ya hau allon sakamako a na uku, na ɗauki hoton allon na tura gida.

Akwai abubuwan da nake girmama mutanen nan a kai. Ba wanda ake biya. Kowane mamba yana da ranakun aikinsa a shekara, an rubuta an liƙa: yau kai ne a kicin, wani mako kai ne mai busa ham da ɗaga tuta don fara tsere, minti 5, minti 4, minti 1, sannan a tashi. Shugabar kulob, wadda suke kira kwamado, likitar haƙori ce da ta yi ritaya, kuma da idona na gan ta tana wanke kofunan shayi da goge banɗaki. Ko tseren ma da adalci suke yinsa. Kowane irin jirgi yana da lambar saurinsa, ana raba lokacin da ka yi da lambar, saboda haka yaro a Mirror zai iya zuwa na ƙarshe da ido amma lissafi ya ba shi na ɗaya.

Sai dai zumuncin nasu a ƙofar kulob yake tsayawa. A ciki za a sha shayi da kek, wasu su koma kantar giya, a yi ta hira, amma hirar duk ta iska ce da wanda ya tare wa wani hanya a kwana. Ba mai tambayarka ya gida, ya iyali. Dattijon nan da muke kifewa tare cikin ruwan sanyi, muna jan juna mu hau, ban san ƙofar gidansa ba. Matarsa ta kwanta asibiti, a takardar labarai na gani. Na ce masa ina so in zo dubiya, ya gode mini ƙwarai, ya ce kada in wahalar da kaina. Ranar na koma ɗaki na rasa abin da ke mini daɗi.

Doka ɗaya ce a kulob ɗin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a tsere sai jirgin ceto yana kan ruwa, kuma ba mai taka gadar jirage ba rigar kariya a jikinsa, ko da kwamado ce. Suna da dalili. Ƙungiyar ceto a ruwa ta RNLI tana gargaɗi cewa ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 yana iya ɗauke wa mutum numfashi da zarar ya faɗa, ko da gwanin iyo ne, kuma na ji hakan a jikina. Na yi kwas na sami takardar tuƙa jirgi mai inji ta RYA, ƙungiyar masu tuƙa jiragen ruwa ta Birtaniya, mataki na 2, saboda haka yanzu ana sa ni a jirgin ceto. Mu biyu, da inji mai lafiya, da rediyo, da akwatin magani, muna gadin mutum kusan 20 da suka zo wasa, kowannensu ya iya iyo, a ruwan da kana ganin gaɓarsa ta kowane gefe.

A nan zaune nake tuna Wara. Ranar 26 ga Mayu, 2021, ina gida lokacin. Jirgi ya taso daga jihar Neja zai zo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa. Kaɗan ne suka fita da rai. Kwana da kwanaki masunta suna tsamo gawa. A Yunin 2023 ina nan na ji na Patigi, masu dawowa daga biki, sama da 100 suka rasu. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ruwan nan: tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gungaye da dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi, ga lodin da ya wuce kima, ga tafiyar dare.

To, a ranar aikin gayya ta watan Maris, kafin a buɗe kakar tsere, aka fito da rigunan kariya na kulob da ake ara wa masu koyo, ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka tsufa aka tara gefe guda, tuli guda, har da na yara. Wasu launi ne kawai ya koɗe, wasu zif ne ya lalace. Sai na ga wani ya ɗauko almakashi zai fara yanke maɗauransu don a zuba a kwantenar shara. Na riƙe hannunsa, na ce don Allah ya dakata, ni zan kwashe, zan biya kuɗin kai su gida da aljihuna. Ya ce ba shi da iko, in rubuta wa kwamiti. Na rubuta. Aka kira ni zaman da suka yi.

Na tsaya gaban mutanen nan na ba su labarin Wara. Na ce musu Yayana yana ɗaukar mata da goyo ran kasuwa ba ko riga ɗaya a jirgin. Muryata ta yi rawa, ɗakin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Ma'aji ne ya amsa, cikin ladabi. Ya ce soson da ke cikin rigar yana mutuwa da tsufa ko da ido bai gani ba. Ya ce waɗannan masu ƙarfin niyuton 50 ne, wato ma'aunin yadda riga ke ɗaga mutum a saman ruwa, an yi su don wanda ya iya iyo kuma ceto na kusa da shi, ba za su juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama ba, sai masu ƙarfin 150. Ya ce idan wani ya mutu sanye da riga mai tambarin kulob, ba su san abin da kamfanin inshora zai yi ba. Kwamado ta gode mini, ta ce labarin ya taɓa ta, sannan aka wuce batun gyaran wurin ajiye motoci. Ni kuwa na ji kamar bara na je yi aka ce Allah ya ba da haƙuri.

Duk abin da ma'aji ya faɗa game da rigunan gaskiya ne. Amma shi yana auna tsohuwar riga da sabuwa, ni ina auna ta da babu. Matar da ta faɗa Neja da yaro a bayanta, rabin sa'a take nema a saman ruwa kafin masunta su iso, kuma tsohon soso zai iya ba ta wannan. Na ce a cire tambarin, na ce zan sa hannu a kowace takarda. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci. Da na dawo Lahadin da ta biyo baya, kwantenar ta riga ta tafi.

Na yi niyyar daina zuwa, amma ban iya ba. In na bar ruwan nan ban da wani wuri a ƙasar nan da wani ke jiran isowata.

Abin da na yi shi ne na ƙara karɓar aikin dare, na tara kuɗi na tura wa Yaya ya sayi sababbin riguna a can. Ya sayi kaɗan, sauran kuɗin ya sa a gyaran inji. Da na yi magana ya ce, "Ƙanena, inji ya mutu a tsakiyar ruwa da hadari a sama, riga nawa za ta fid da mu? Kai ka daɗe ba ka shiga ruwan nan ba." Maganar ta yi mini zafi domin akwai gaskiya a cikinta. Waɗanda ya saya ma fasinja ba sa son sawa. Wani ya ce zafi, wata ta ce wa ya san wanda ya sa ta jiya, wani dattijo ya ce masa in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Na ce Yaya, ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ya ce in zo in faɗa musu da bakina, shi in ya matsa sai su koma jirgin maƙwabcinsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai babban ɗansa ne, mai sunan mahaifinmu. Bai fi shekara 12 ba, shi ke kwashe ruwa daga cikin jirgi ran kasuwa, kamar yadda na yi a shekarunsa. Ya iya iyo fiye da duk yaran kulob ɗinmu, amma na san yadda mutanen da ke nutsewa suke riƙe duk wanda ke kusa da su. Na gaya wa Yaya ba zan sake turo kuɗin inji ba sai ya yi mini alkawarin yaron ba zai shiga jirgi ba riga ba. Maganar ta kai kunnen Inna. Ta kira ni da asuba, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba, ta ce tun yaushe ƙane yake kafa wa wansa sharaɗi, ko zaman Turai ne ya koya mini. Ta ce jirgin nan ne ya biya kuɗin makarantata. Na ce ki yi haƙuri Inna, na tura kuɗin a ranar.

Jiya mun yi waya da Yaya, mun shirya. Ya ce ruwa ya fara ƙaruwa bana da wuri, kuma kuɗin mai ya sa dole ya riƙa ƙara lodi in yana son ya fita da wani abu. Ya ce ya ware wa yaron riga guda, kuma ya daina tasowa bayan magariba. Na tambaye shi batun makarantar yaron, ya ce yana zuwa, ban da ranakun kasuwa.