Hoton ƙashin baya mai lanƙwasa: kada a sakar wa AEC ragama

Yawancin masu zuwa ɗakin hoto da lanƙwasar ƙashin baya 'yan mata ne masu shekara 10 zuwa 16, kuma ba zuwa ɗaya suke yi ba. Bayan wata huɗu ko shida likita zai sake turo su, har girma ya tsaya. Duk ɗan hasken eksire da aka ƙara musu yau, illarsa taruwa take yi a jiki.

AEC, wato ma'aunin da ke yanke haske da kansa idan ya ga ya isa, yana aiki ne a kan cewa ƙashin baya miƙe yake a tsakiya. A nan kuwa ƙashin ya kauce, sai ma'aunin tsakiya ya faɗa kan huhu. Huhu iska ce, haske ya ratsa nan take, inji ya yanke da wuri, hoto ya fito da yashi-yashi. In kuma an yi tiyata an ɗaura sandunan ƙarfe, ƙarfen ne zai tare ma'aunin, inji ya yi ta zuba haske, wani lokaci har sai agogon tsaro ya katse shi. Yarinya ta sha haske a banza.

Gara a auna kaurin jiki a saita da hannu. Nisa tsakanin bututun eksire da allon ɗaukar hoto santimita 180. kVp, wato ƙarfin ratsawar haske, 80 zuwa 90 a hoton da aka ɗauka ta baya, na gefe 90 zuwa 100. In aka ƙara kVp da kashi 15 cikin ɗari, ana iya rage mAs, wato yawan hasken, da rabi. Hoton zai ɗan dushe, amma ba komai: abin da likita ke nema gefunan gaɓoɓi ne, don ya ja layi ya auna kusurwar Cobb, wato girman lanƙwasar.

Yarinya ta tsaya ba takalmi, ta fuskanci allo, haske ya shigo ta baya, don kare mama da maƙogwaro. Saman ƙashin ƙugu ya shiga hoton, da shi ake gane ko girma ya kusa tsayawa. Kwankwaso ya fi ƙirji kauri, sai a juya ɓangaren katod na bututun eksire ƙasa, don haske ya fi ƙarfi ta nan, ko a sa matacin alminiyam a saitin ƙirji.

Injin dijital ma yana da tasa yaudarar: ko an zarce da haske, kwamfuta za ta gyara hoton ya fito tas. Lambar EI, mai nuna yawan hasken da ya isa allo, ita ce ke tona asiri, a duba ta bayan kowane hoto, a rubuta saitin da ya yi daidai a katin yarinyar don zuwanta na gaba.