Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Kulle Kano

A makon jiya na tsaya a inda na sayi injin niƙa roba na biyu, na ƙara yara, har na fara jin na tsaya da ƙafata a harkar jari-bola. To, ban gama biyan bashin injin ba korona ta shigo.

Ranar 16 ga Afrilu, 2020 dokar kulle ta fara aiki a Kano, gwamnatin Ganduje ta ce ta mako ɗaya ce. Azumi ya kama, ga mace-macen dattawa da suka tayar wa kowa hankali, sai Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu ranar 27 ga wata. Haka aka yi ta jan abin, ana ɗan sassautawa a fita cefane, har farkon Yuli.

Iskar gari kam ta gyaru, wannan ba na musu. Babu adaidaita sahu, kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa yawanci sun yi tsit. A rediyo ana ta cewa duniya ta huta, wai mutanen Jalandhar a Indiya har tsaunukan Himalaya suke hangowa daga saman gidajensu. Ina ji ina gyaɗa kai, amma masu faɗar ba su leƙa kwatar layinmu ba.

Ga yadda sana'armu take. Yaro ya tsinto gora da fasasshen bokiti da tsinkakken silifa a bola, in ɗora a sikeli in biya shi. Mu ware kala-kala, mu niƙa, mu wanke, mu shanya, mu kai kamfani su narka su yi buta da bokiti. Kulle ya tsinke wannan ta ko'ina. Masu tsinto mini da yawansu almajirai ne, gwamnonin Arewa kuwa suka ce a mayar da kowa jiharsa, aka kwashe su a motoci. Sannan ɗanyen mai ya faɗi warwas, har ranar 20 ga Afrilu farashinsa a Amurka ya gangara ƙasa da sifili. Wanda bai san harkar ba zai ce ina ruwan biri da gada. Ai daga mai ake yin roba, idan ya faɗi sabuwa takan sauko, tamu ta bola ta rasa mai so. Na kira wani manaja da muka daɗe muna hulɗa, ya ce, "Alhaji, ka riƙe kayanka tukuna, ko mun buɗe ba yanzu za mu nema ba."

Robar da ba a tsince ba kuwa ba ɓacewa take yi ba. Shara ta taru a lungu, mutane suka koma cinna mata wuta bayan la'asar. Hayaƙin adaidaita ya tafi, na leda ya maye gurbinsa, kuma shi har ɗaki yake bin mutum. Uwargida mai fama da asma ta fi kowa ji a jikinta.

Da damina ta sauka a Yuni, ruwan farko mai ƙarfi ya shiga gidaje a layinmu. Muka fito gayya da shebur da manjagara. Abin da muka zaƙulo daga ƙarƙashin kwalbati, da a da ne kuɗi ne a wurina: gorunan lemo, ledar fiya-wata curi guda, sai kuma sabon baƙo, takunkumin nan shuɗi na yarwa. Ba takarda ba ce kamar yadda mutane suka ɗauka, shi ma roba ne, ba ya ruɓewa, kuma babu kamfanin da ke saye. Na ga kazar maƙwabta tana ɗingishi, igiyar kunnen takunkumi ta naɗe mata ƙafa har ta kumbura, sai da reza aka yanke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na daji. Kowa yana gida, tukunya ba ta sauka, kuɗin cika tukunyar gas babu, sai gidaje da yawa suka koma kurfoti da murhu. Babban yaron aikina, wanda ke riƙe mini sikeli, ya riga ya sulale ƙauyensu ta wajen Tudun Wada. Da aka buɗe hanyoyi na je in dawo da shi. Tun daga bakin gari na fara cin karo da kututture, kirya da marke an sare su daga gindi, ga tudun ƙasa na ƙona gawayi nan da can suna fitar da hayaƙi a hankali. Kirya ake bi saboda gawayinta ya fi nauyi da daɗewa a wuta, ita kuwa kafin ta girma yaro ya zama magidanci. Masu saran ba baƙi ba ne, 'yan ci-rani ne da Kano ta koro: direbobin adaidaita, 'yan dako, masu shayi.

Na sami yaron nawa baƙi ƙirin, yana ɗinke bakin buhu. Na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Maigida, yara za su ci itace ne? Buhu ɗaya a nan ya fi abin da nake samu a sikeli."

Ya ƙi biyo ni. Har ma ya ce in kawo motata mu riƙa kai gawayin Kano, a raba riba biyu. Ga mai bashin inji yana kirana safe da yamma. Amsar da na ba shi, da abin da yayana ya ce da ya ji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.