Yinin Asabar a baje kolin zane na Legas

Ƙanwata ta zo Legas sayen kayan ɗaki, bikinta saura wata ɗaya, ni kuwa yau na ce kasuwa ta jira, sai ta raka ni ART X Lagos. Baje kolin zane-zanen zamani ne da ake yi duk watan Nuwamba a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island, kuma Tokini Peterside ce ta kafa shi a 2016. Cunkoson hanya ya ci mana safiya, sai wajen azahar muka shiga.

Kowane gidan sayar da zane da rumfarsa, bango fari fat, fitila na haska kowane aiki. Ga na Legas, ga na Accra da Abidjan, har da na Landan. Yawanci ba sa liƙa farashi, sai ka tambaya, kuma sau da yawa da dala za a ba ka amsa. In ka ga ɗan jan ɗigo a gefen zane, to an riga ka.

Ba mu yi nisa ba ta ja ni gefe. "Yaya, wannan zai shiga da kujeruna kuwa? Ruwan toka ne fa." Ashe ba ita kaɗai ba ce. Kusa da mu wata mata ce riƙe da waya, tana gwada hoton falonta da wani ƙaton zane, mai tsara mata gida na gyaɗa kai. Ban ga laifinsu ba, don zane a gida zai zauna. Amma a ganina an juya abin. Labule da kujera shekara nawa suke yi kafin a canza su? Zanen da ya kama zuciyarka shi ya kamata a fara zaɓa, sauran kaya su bi shi. Na ba ta labarin Tutu, zanen Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, da aka daɗe ana nema, aka tsince shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 kan fam miliyan 1.2. Ba kuɗin nake so ta duba ba, daɗewar nake nufi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajenmu. Shiga falon amare goma a Kano ko Kaduna, za ka tarar da firam iri ɗaya, bugun inji daga waje, furanni ko ruwan zinare, babu hannun kowa a jiki. Alhali ba baƙi ba ne mu a wannan harka. Ɗakin Gwaggo a Zariya, jeren kwanukanta tun daga ƙasa har sama, da faifai masu launi a bango, ai tsara ɗaki ne da ido da tunani, kuma ba ka samun jere biyu iri ɗaya. Maginanmu sun zana dagi a fuskar zaure tun kafin mu san fenti na gwangwani. Tukwanen Ladi Kwali sun kai ta har bayan takardar naira 20. Kai, shi kansa zanen zamani na Najeriya, wani babban reshensa a Zariya ya tsiro: a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka ce za su haɗa abin da Turawa suka koya musu da na gida. Muna wucewa ta ƙofar makarantar nan, mu je mu sayo bugun inji. Wannan yana yi mini ciwo.

Ƙanwata ta kawo wata magana mai nauyi: angon ba zai yarda a rataya hoton mai rai ba, ita ma ba ta so. Na ce haka ne, amma ɗaga ido ki gani. Ayyuka da yawa a wurin babu fuska ko ɗaya, launi ne da layi, da saƙa, da ƙarfe. El Anatsui ma, ɗan Gana da ya koyar shekaru masu yawa a jami'ar Nsukka, da marafan kwalba da wayar tagulla yake haɗa manyan ayyukan da duniya ke rububinsu.

Can wajen la'asar ta tsaya cak a gaban wani aiki na ƙyalle rinanne da baba, an ɗinke shi gunduwa-gunduwa, shuɗin yana duhu yana haske. Ta ce kamar tana tsaye a bakin karofin Ƙofar Mata. Ta daɗe a wurin, kuma ba ta ambaci kujera ba. Farashin ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, muka karɓi kati muka yi godiya.

A mota muka yanke shawara. In ta koma za ta leƙa sashen zane na jami'ar Zariya ta ga aikin ɗalibai, ta sayi wanda ya yi mata daidai aljihunta. Sannan allon zayyanarta na saukar Alƙur'ani zai hau bangon falo. Da dare muka kira Hajiya, ta ce yana nan a akwati naɗe cikin zane. Ta gargaɗe mu cewa in za a yi masa firam, a ja wa kafinta kunne kada ƙusa ta taɓa allon.