Sakamakon mabiyiya ya fito, Alhamdulillahi

Jiya da yamma likita ya kira mu. An gama binciken mabiyiyar, ba a ga ƙwayar cutar a cikinta ba, yarinya kuma lafiya lau. Ashe melanoma, sankarar fatar da aka yi min aiki aka cire a tafin ƙafata ina da ciki, tana cikin ire-iren sankarar da kan iya tsallakawa zuwa mabiyiya, duk da ba kasafai ba, shi ya sa suka riƙe mabiyiyar bayan haihuwa. Sai daren jiya na yi barcin kirki. Sauran labarin kun sani, wallahi na gaji da maimaita shi.

Ranar aikin ce ba ta fita daga raina. Cikina wata 5, an kwantar da ni ta gefen hagu, allurar kashe zafi kawai aka yi wa ƙafar. Jikina sai ɓari yake, suna zaton wuƙa nake tsoro, alhali tun asuba ban ji motsi a cikina ba, na kuma kasa faɗa. Wata nas ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauko na'urar jin bugun zuciya ta ɗora min a mara. Ta ce, "Maman biyu, saurara." Haka ta tsaya riƙe da ita har aka gama ɗinki. Ko sunanta ban tambaya ba. Baiwar Allah, Allah Ya haskaka kabarin iyayenki, Ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani.

Ungozomar da ta ga baƙin tabon a tafin ƙafata tana duba kumburi, ta ƙi yarda da cewar da na yi tawadar Allah ce ciki ya sa ta ƙara duhu: taurin kanki ne ya sa aka cire shi kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Ban san a jikin baƙar fata tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce cutar ta fi ɓuya ba.

Inna, an ce ba a yi wa uwa godiya, amma yau sai na yi. Abban yara, Yaya Babba, ƙanwata da ta ajiye karatunta ta yi jinyata, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya raba ku da kwanan asibiti.

Waɗanda suka ce a zubar da cikin, sannan ko waya ba su ƙara bugowa ba, mun ji shirunku. Ba komai.

Za a ci gaba da duba fatata da kaluluwar cinyata duk bayan wata 3. Kada ku gaji da yi mana addu'a.