Daga Kano zuwa Musanze: a Sawun ’Yan Tseren Keken da Ba a Sani Ba

A watan Fabrairun 2023 na bar Kano na bi ta Legas zuwa Kigali domin in kalli gasar tseren keke ta zagayen ƙasar Ruwanda, wadda ake kira Tour du Rwanda. A cikin jakata akwai wani ɗan littafi da na shafe shekaru ina rubuta sunayen ’yan tsere a ciki, waɗanda ba kasafai ake jin su a rediyo ba, tare da matsayin da kowannensu ya zo a gasa da ƙungiyar da ta ɗauke shi ko ta sallame shi. Da yawa daga cikinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, a jerin sakamako na intanet kawai na san su, kuma burina shi ne in gan su a kan hanya da idona.

Abin da na fara lura da shi a Kigali shi ne babu fili shimfiɗaɗɗe irin namu; duk inda mutum ya nufa, ko dai hawa yake yi ko gangara. Na sauka a unguwar Nyamirambo, inda Musulmi suke da yawa, kiran salla yana iske mutum har ɗaki. A shekarar kuwa maganar da ke bakin kowa ita ce zuwan Chris Froome, wanda aka haifa a Nairobi kuma ya lashe gasar Tour de France har sau huɗu. Ranar buɗe gasa jama’a suka yi dafifi a gaban motar ƙungiyarsa, ni kuma na zagaya baya, wajen ƙananan ƙungiyoyi, inda na tarar da makanike guda yana kula da kekuna biyar shi kaɗai, yana goge sarƙa da tsumma, ’yan tseren kuma suna zaune a bakin kwalbati suna maƙala lamba a rigunansu.

Wanda bai san tsarin wannan wasa ba zai ɗauka duk mahayan da ke cikin ayari matsayinsu ɗaya. Ƙungiyoyin kuwa hawa uku ne a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI: manya guda 18 da ke da gurbi a duk babbar gasa, sai na tsakiya da ke jiran gayyata, sai ƙanana na nahiyoyi, inda wasu mahaya ke samun abin da bai taka kara ya karya ba. Tun da aka ɗaga darajar gasar Ruwanda a 2019, makin da ake samu a cikinta ya ƙaru, ƙungiyoyin Turai suka fara zuwa da ƙarfinsu. Saboda haka ga yaron da ya fito daga Asmara ta Eritiriya ko Rwamagana ta Ruwanda, zanguna takwas na wannan gasa, wato tseren kowace rana, su ne kasuwar da zai baje hajarsa a gaban masu ɗaukar ’yan wasa, kuma wata damar ba lalle ta sake zuwa ba sai baɗi.

Sunan da na ja wa layi biyu a littafina shi ne Henok Mulubrhan, ɗan Eritiriya mai shekara 23 a lokacin. Na bi sawunsa tun yana ƙaramar ƙungiyar Qhubeka a Italiya, ya koma Bike Aid ta Jamus, sannan ƙungiyar Bardiani ta Italiya ta ɗauke shi a 2022. Kwanaki kaɗan kafin wannan gasa ya sake lashe kambun Afirka a Akara, babban birnin Gana, don haka na san ƙafarsa tana kan ganiyarta. Abin da nake son gani shi ne ko zai jure dogon hawa kwana bayan kwana, domin saurinsa a ƙarshen tsere ba abin musu ba ne.

Don haka na shiga motar haya zuwa Musanze, a arewacin ƙasar, inda zango na uku zai ƙare bayan tafiyar kusan kilomita 200 daga Huye. Hanyar tana murɗawa kamar igiya tsakanin gonakin ayaba da na dankali, sanyi yana ƙaruwa yayin da ake hawa, har duwatsun nan masu aman wuta suka bayyana cikin hazo. A kan wannan hanya na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai: samari masu acaɓa da keke, kowanne da buhunan dankali ko tulunan madara a baya, suna taka feda a hawan da ni da ƙafa ma sai na huta. Daga cikin irinsu ne Ruwanda ta samo wasu ’yan tserenta, kuma a nan Musanze cibiyar horar da tawagar ƙasar take.

Na samu wuri kusa da layin ƙarshe tun da hantsi. Da farko babura da motocin talla ne suka wuce, sai jiniya, sai wani shiru na ɗan lokaci, sannan ihu ya taso daga ƙasan titi yana matsowa kamar ruwan sama a kan kwano. Henok ne ya fara tsallaka layi. Amma na fi daɗewa ina kallon waɗanda suka iso bayan minti goma ko ashirin, gishirin gumi ya bushe a fuskarsu, wani ya kifa kansa a kan kan keke bai iya ko karɓar gorar ruwa ba. A cikinsu akwai waɗanda aikinsu duk yini shi ne tare wa jagoransu iska da ɗauko masa ruwa daga mota, kuma jerin sakamako ba ya nuna wannan. A ranar na gane cewa na yi wa wasu mahaya rashin adalci a littafina, domin na auna su da lambar matsayi kawai.

Halin ’yan gida ne ya dame ni. Daga 2014 zuwa 2018 ’yan Ruwanda ne suka riƙa lashe wannan gasa a jere: Valens Ndayisenga sau biyu, Jean Bosco Nsengimana, Joseph Areruya da Samuel Mugisha. Areruya ya ci gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon a 2018, ya samu ƙungiya a Faransa, har ya hau shahararren tseren Faransa na Paris-Roubaix a 2019, amma zamansa a Turai bai ɗore ba. A ganina matsalar ba ta ƙarfin ƙafa ba ce. Matashin Beljiyam yana samun tsere kusan kowane mako a kusa da gidansu, ya koyi yadda ake kutsawa cikin ayari da yadda ake ɓoye wa iska, shi kuwa takwaransa na Afirka sai ya jira ’yan gasannin da ba su taka kara sun karya ba a shekara, ga wahalar biza, ga kuɗin jirgi. Biniam Girmay na Eritiriya ma, wanda duniya ta sani yanzu, a irin waɗannan gasanni ya fara cin zango a 2019 yana ɗan shekara 18.

Da ayari ya dawo Kigali a ƙarshen mako, na tsaya a hawan nan na duwatsun daɓe da ake kira Kwa Mutwe, kusa da masaukina. Tsawonsa bai kai rabin kilomita ba, amma tsayuwarsa kamar bango, mutane har kan rufin gidaje, ƙarar kekuna a kan dutse tana shiga haƙori. Gasar ta ƙare Henok da Walter Calzoni na Italiya suna da lokaci ɗaya daidai, sai da aka koma ga matsayin da kowa ya zo a zanguna kafin aka ba Henok rigar rawaya ta zakaran gasa, William Lecerf na Beljiyam kuma yana bayansu da daƙiƙa ɗaya tak.

A filin jirgi, ina jiran tashi, na buɗe littafin na ƙara sunan Lecerf da na Calzoni, na kuma rubuta a gaban sunan Henok cewa ya isa babbar ƙungiya. A kakar 2024 babbar ƙungiyar Astana ta ɗauke shi, Lecerf ma ya hau babbar tawagar Soudal Quick-Step. Shafin ’yan Ruwanda kuwa na bar masa sarari mai yawa a ƙasa, har yanzu ina duba sakamakonsu duk watan Fabrairu.