Hannun roba da muke haɗawa a shagonmu

Ni ɗan dukawa ne, da allura da zare na tashi. Shi ya sa ranar da wani likita mai koyarwa ya shigo shagona a Kano riƙe da guntun soso, ya ce, "Malam, ina neman abin da ɗalibaina za su koyi ɗinkin rauni a kai," ban ji abin ya zo mini baƙo ba. Yau mu biyar ne a shagon, kuma da wannan aiki na haɗa hannun roba don koyon aikin asibiti muke ci.

Kayan koyo da ake shigowa da su, irin na kamfanin Laerdal na ƙasar Norwe, aiki ne mai kyau, ba na ja. Sai dai tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, har Dala ta haura dubu, makaranta kan sayi ɗaya ta kulle a kabad kamar kayan lefe. Ɗalibi sai ya ƙare shekara bai taɓa shi ba.

Namu hannun, wanda ake koyon sa allura a jijiya da shi, ba shi da wani sirri. Bututun famfo ne ƙashi, soson katifa ne tsoka, silikon ne fata, siririn bututun roba kuma shi ne jijiya. A rataya ledar ƙarin ruwa a sama, to idan allura ta faɗa daidai, jan ruwa zai leƙo a gindinta. Da farko zoɓo na zuba a matsayin jini, don araha. Kwana uku ya yi tsami, tururuwa ta yanyame hannun, aka dawo mini da shi cikin leda. Tun daga nan kalar abinci nake amfani da ita.

Abin da ya fi ba ni wahala fata ce. Yawancin na waje da na gani farare ne, jijiya a fili kamar an zana. Mu kuwa majinyatanmu baƙaƙe ne, sau da yawa da yatsa ake lalubo jijiya, ba da ido ba. Na ɓata silikon ba kaɗan ba kafin na dace da launi da taushin da likitan ya danna ya ce, "Yawwa, wannan ita ce."

Lokacin jarrabawar da suke kira OSCE ne kasuwarmu ke buɗewa. Ɗalibai kan bi tebur-tebur, kowanne 'yan mintuna, malami na tsaye yana ba da maki. Nan ba a yarda wani hannu ya fi wani tauri ba, don kada a zalunci ɗalibi. Saboda haka a mazubi ɗaya muke zuba su duka, in kuma aika yaro da bututun canji, domin jijiyar da ta sha huda yoyo take yi.

Yanzu mahaifa muke gwadawa, ta koyon tsayar da jini bayan haihuwa. Wata ungozoma ta matsa ta biyun da muka yi, ta ce har yanzu da sauran tauri.