Kwana Takwas a Ɗakin Girkin Kaka

A shekarata ta biyu ta karatu a Ingila na samu aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Prestwich, arewacin Manchester. Bizar ɗalibi awa 20 kaɗai ta yarda a yi aiki a mako lokacin karatu, kuma kusan duka a gidanta nake ƙarar da su: wanka, magani, cefane, riƙe mata hannu idan za ta hau bene. Jikokinta na kiranta Bubbe, wato kaka da harshen Yiddish. Ni Kaka nake ce mata, da ta ji ma'anarsa ta ce kada in sauya.

Da Disamba ta matso ta ce bana a gidanta za a yi taron Hanukka, wani bikin Yahudawa, ga shi hannunta ya daina iya gurza dankali, ko zan taya ta girkin. Na amsa da ƙarfin gwiwa, don a gidan da ake suyar ƙosai kowace safiya na tashi.

Muna yanka takarda da almakashi ta ba ni labarin bikin. Wani sarki cikin Girkawan da ke mulkin Sham, Antiyokus na huɗu, ya hana Yahudawa ibadarsu, ya ƙazantar da Haikalinsu na birnin Ƙudus. Yahuda Makabi da 'yan uwansa suka yi tawaye, suka ƙwato wurin, suka sake tsarkake shi a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafinsu na Talmud ya ce tulu ɗaya kawai na tsarkakakken man zaitun suka tarar, wanda zai isa fitila kwana ɗaya, sai ya kai takwas. Shi ya sa bikin yake dare takwas, daga 25 ga watan Kislev na kalandarsu, shi ya sa kuma abincinsa soyayye ne.

Kayan adon da ta fito da su daga wani tsohon kwali ba su burge ni ba da farko. Sarƙoƙin takarda ne shuɗi da fari da suka koɗe, da taurari masu tsini shida da aka yanka daga kwalin abinci, wasu a karkace. Na ce zan iya sayo sababbi masu ƙyalli a kanti. Ta juya wani tauraro ta nuna mini bayansa, akwai sunan yaro da shekara an rubuta da fensir. "'Yata, wannan babban ɗana ne ya yanka, yanzu yana da furfura," in ji ta. Ranar muka lilliƙe waɗanda suka yage da gam, muka ƙara sababbin zobba a sarƙar. Tun daga lokacin, idan na ga tsohon abu a gidan da nake aiki, sai na tambayi labarinsa kafin in ce a sauya.

Har mazaunin kyandir, hanukkiya, akwai na hannu. Wata jikarta ta yi shi a makaranta da guntun katako da noti na ƙarfe: takwas a jere kai ɗaya, na tara an ɗora biyu don ya fi tsayi. Shi ne wurin shamash, kyandir mai hidima, da shi ake kunna sauran. Ana jera kyandirori daga dama, ana kunnawa daga hagu, sabon daren shi ne farko, kuma a bakin taga ake ajiyewa don masu wucewa su gani. Kwali ɗaya yana ɗauke da 44 daidai, adadin da dare takwas ke ci. A daren farko na kashe wutar lantarki don hasken ya fito da kyau, sai ta ce in kunna. Hasken waɗannan kyandirori na kallo ne da tunawa, ba a karatu ko aiki da shi.

A ɗakin girki ne na fi shan darasi. Latke dai, abincin da ake soyawa a bikin, dankalin Turawa ne da albasa a gurza, a sa ƙwai, gishiri da ɗan gari, a soya a faɗaɗe. Ƙullun ƙosai yana son ruwa da bugu, sai na ɗauka nan ma haka ne. Kaskon farko duk ya wargaje, mai yana ta tartsatsi. Kaka na zaune a kujera ta ce in zuba gurzajjen dankalin a ƙyalle in murɗe har hannuna ya yi zafi, in bar ruwan ya kwanta, in tsiyaye, in mayar da farin sitacin da ya zauna a ƙasan kwano. Shi ke riƙe latken. Ƙwai kuma ɗaya bayan ɗaya ake fasawa a kofin gilashi, a duba ko da ɗigon jini, kafin ya shiga kwano.

Abin da ya taɓa mini zuciya shi ne murhu. Duk lokacin da zan ɗora kasko sai ta miƙe da sandarta ta kunna gas ɗin da kanta. Kwana biyu ina jin kamar ba ta yarda da ni ba ce, har na tambaye ta. Ta ce dokar abincinsu ta kosher ce ta buƙaci Bayahude ya sa hannu a girkin, kuma a al'adar danginta kunna wutar ya wadatar. Na tuna yadda nake hawa bas har Cheetham Hill don naman halal alhali ga kanti a ƙofar gidana, sai raina ya kwanta. Da na yi tambayar tun ranar farko, da ban kwana da ɓacin rai ba.

Duk da haka na yi kuskure a daren taron. Akwai naman ƙirjin saniya a tebur, ni kuma na kawo kirim mai tsami, mai kama da kindirmonmu, don na ga ana cin latke da shi. Ba a haɗa nama da madara a wurinsu, har tukwane da cokula daban suke. 'Yarta ta ɗauke kwanon ba tare da kowa ya lura ba, ta miƙo mini dafaffiyar tuffa a madadinsa, ta ce in ajiye kirim ɗin sai gobe. Yaran kuwa suna ƙasa suna murza direidil, wata irin katantanwa mai fuska huɗu da haruffan Ibrananci, suna rabon cakulan da aka naɗe kamar sulallan zinariya.

A dare na takwas Kaka ta ce tunda sharaɗin mai ne, in soya mata abin da ake soyawa a gidanmu. Na sayo wake, muka tsince shi tare a kan farin faranti saboda ƙwari, na surfa, na niƙa a injinta da albasa da attaruhu kaɗan. Ta miƙe ta kunna gas. Ƙosai huɗu ta ci da dafaffiyar tuffa, sannan ta ce in rubuta mata yadda ake yi a bayan wani tauraro, in sa sunana da shekara.